'Yan Tsakin Keziah da Rainin Haggai

Haggai magidanci ne a garin Zuru, ya karanci kwamfuta, kuma a unguwarsu babu wanda ya kai shi iya gina shafin intanet. Aibinsa shi ne raina ƙaramin aiki. In ba abin da mutane za su gani su yaba masa ba ne, ba ya sa masa hannu.

Yayarsa Keziah tana da gidan ƙyanƙyasar kaji a hanyar Dabai. Shi ya gina mata shafin da masu kiwo ke shiga su yi odar 'yan tsaki, shi kuma ke kula da shi. A watan Satumba wayarta ta ɓace a kasuwa, ta canja layi. Ta same shi a shagonsa ta ce, "Abu biyu nake so ka fara yi. Ka cire tsohuwar lambata daga shafin ka sa sabuwar. Sannan ka duba wurin cike oda, kwana goma ke nan ban ga saƙo ko ɗaya ba."

Haggai ya yi dariya ya ce, "Yaya, wannan ai aikin minti biyar ne. Ki bari in gama babban aikin tukuna. Bidiyo nake haɗa miki, da sababbin launuka. In kika gani sai kin yi rawa."

Ta ce, "Ban tambaye ka bidiyo ba. Ƙwai dubu uku zan zuba a inji saboda masu kiwon Kirsimeti."

Ya ce gobe. Goben ta zama mako uku. Kullum yana kan bidiyo, yana sauya kiɗa, yana kiran abokai su zo su kalla.

Ƙwai suka ƙyanƙyashe, babu mai saye. Ɗakin Keziah na tsaki ɗari takwas ne, sai ga sama da dubu biyu a cunkushe suna tattake juna. Kowace safiya da bokiti take kwashe matattu.

Rana ta huɗu Alhaji Jabiru, shugaban masu kiwon kaji na Dirin Daji, ya tsaya da babur a ƙofarta, ransa a ɓace. Ya ce, "Madam, in kin daina sana'a ki faɗa mana! Sau uku na cike oda a shafinki. Na kira lambar da ke kai har na gaji, a kashe take. Tsaki dubu biyu muke so. Mun je Kontagora mun saya, muka sha wahalar hanya a banza."

Keziah ba ta ko wanke hannu ba. Ta ɗauki bokitin ta nufi shagon Haggai, ta dire shi a kan teburinsa.

"Duba! Duba aikinka!"

"Yaya, ki saurara, bidiyon ya kusa..."

"Rufe min baki! Bidiyo ne zai tashe su? Abu biyu na roƙe ka, na ce su za ka fara yi. Ka mayar da ni mahaukaciya don ban yi karatunka ba. Buɗe shafin nan yanzu, a gabana!"

Ya buɗe shafin. Ashe akwatin saƙon ne ya cika, oda ta daina shigowa. Ya share tarkacen, ya sa sabuwar lamba. Minti goma sha biyu aikin ya ci. Keziah ta kalli agogon bango, ta kalle shi, idonta ya yi ja.

Ta ce, "Rubuta min kalmar sirrin a takarda. Daga yau 'yata Rachael ce za ta riƙe shafin. Ba ta kai ka ilimi ba, amma in na ce mata wannan ne farko, shi take fara yi."

Ya rubuta ya miƙa mata, ya kasa ɗaga kai. A wannan shekarar masu kiwon Dirin Daji ba su dawo ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, muhimmancin aiki ba a girmansa yake ba. Duk mai kula da shafin sana'a ya rubuta ayyukan da ke gabansa, ya tambayi kansa wanne ne zai hana mai saye isowa in an bar shi, ya fara da wannan komai ƙanƙantarsa. Kwalliya tana iya jira, amma mai saye ba ya jira.