Ɓauna da Carkin da Ke Cire Kaska Kyauta

An yi wata Ɓauna a dajin Ƙirya, ƙatuwa, baƙa wuluk, mai taurin kan tsiya. Ba abin da take alfahari da shi kamar a ce ba a juya ta. Ko ina kwana ka ce mata, sai ta tsaya ta yi nazari tukuna, don kada a ce kai ka sa ta ce lafiya lau.

Ƙawarta guda ce, Bushiya, 'yar mitsitsiya mai ƙaya a baya da ƙaya a baki. Ita in ta ga abu sai ta faɗa, ko da kuwa a gidan biki ne.

Sai na ukunsu, Carki, tsuntsun nan mai jan baki da ke hawa bayan shanu yana tsince musu kaska. Bakinsa zuma, cikinsa kuwa ba ya cika.

Wata shekara kaska ta addabi dajin. Kowa sai susa. Ɓauna ta goga jiki a bishiya har bishiyar ta faɗi, ƙaiƙayi bai daina ba. Ana cikin haka sai ga Carki da danginsa, dubu bisa dubu, suna shela cewa za su cire wa kowa kaska kyauta.

Ya sauka gaban Ɓauna ya rusuna, ya ce akwai 'yan sharuɗɗa da zai karanto mata tukuna. Ya fara zuba su da sauri kamar ana suyar gyaɗa. Wai zai zauna kusa da kunne, abin da ya ji ya ji, abin da ya gani ya gani, yana iya gaya wa abokan hulɗa, da sauransu, da sauransu. Ɓauna kuwa ƙaiƙayi ya hana ta jin komai.

"Na yarda, na yarda," in ji ta. "Hau ka fara ta wuya."

Kai, daɗin da ta ji ranar ba a magana. Ta lumshe ido har miyau na zuba.

Bushiya dai ba wanda ya hau ta, don ba wurin sauka. Ta tsaya gefe tana kallo, ta tambayi Ɓauna me tsuntsun yake ci. Ɓauna ta ce kaska mana.

"To in kaskar ta ƙare fa, Yaya?"

"Ke kin cika tambaya kamar alƙali. Baƙin ciki kike don ba a hawa ki."

Kaska ta ƙare cikin mako biyu, amma Carki bai sauka ba. Ya samu wani ɗan gyambo a kafaɗarta, kullum sai ya ɗan tsokane shi don kada ya warke, yana lasar jini yana ba ta labarin duniya. Ita kuwa ta saba, in bai zo da wuri ba har ta rasa abin da ke mata daɗi.

To, Ɓauna tana da wani asiri da ko Bushiya ba ta sani ba. Duk girman nan nata, tsoron kwaɗo take ji. Tun tana 'yar maraƙa wani kwaɗo ya faɗa mata hanci tana shan ruwa, ta yini tana atishawa. Shi ya sa in ta je tafki sai ta faki ido, ta juya baya, ta tsoma wutsiya ta kaɗa ruwa don kwaɗi su watse, sannan ta juyo ta sha.

Ba sai ta gaya wa Carki ba. Yana kan bayanta, duk lokacin da kwaɗo ya yi kuka yana jin fatarta na rawa. Da ya tambaye ta cikin tausayi, sai ta zazzage masa komai, ta roƙe shi kada ya gaya wa kowa.

"Haba ranki ya daɗe," in ji shi. "Maganar nan ta mutu a nan."

Da la'asar maganar ta kai kan bishiyar kuka. Don kullum in rana ta yi sanyi carkunan dajin kan taru a kan wata babbar kuka, kowa ya juye abin da ya kwaso. A nan aka san Raƙumin dawa na fama da ciwon gwiwa in ya sunkuya shan ruwa. A nan aka san Gadu ba ya son ganin fuskarsa a cikin ruwa, don tana ɓata masa rai har yamma. A nan aka san Barewa kuwa ba ƙishi ke kai ta tafki ba, kallon kanta take zuwa yi.

Al'adar dajin ce, in damina ta ɗauke sai a zaɓi Sarkin Tafki, saboda da rani ruwa guda ne ke saura, kuma shi sarkin ne ke tsara yadda za a sha. Shekara tara Dorina ke riƙe da sarautar. Ba ta taɓa hana kowa ruwa ba. Laifinta kawai barci da munshari.

A wannan shekara sai Kada ya ce shi ma yana so. Da ya fara faɗa kowa dariya ya yi. Shi kuwa ya ja ciki ya tafi gindin kuka ya yi magana da Carki. Ya ce in ya hau, duk wanda ya ciza ya kuɓuce, gyambon na carkuna ne. Carki ya haɗiye miyau ya ce an gama.

Bai zo wa Ɓauna da ƙarya gaba ɗaya ba, ya fi haka wayo. Ranar farko cewa ya yi, ko ta lura kwaɗi sun yi yawa bana? Rana ta biyu ya ce ya ga kwaɗi uku a kan bayan Dorina suna shan hantsi. Wannan gaskiya ne, amma ai Dorina barci take, ko tukunya ka ɗora mata ba za ta sani ba. Rana ta uku ya ce ana raɗe-raɗin wai Dorina za ta gayyato kwaɗin wasu dazuzzuka su zo su zauna. Rana ta huɗu ya yi ajiyar zuciya, ya ce shi dai ba ruwansa da siyasa, amma ya ji Kada da kwaɗi yake karya kumallo.

Rana ta biyar Ɓauna ta tashi da safe ta ji a ranta cewa ta daɗe tana ganin kirkin Kada.

Da ta gaya wa Bushiya, Bushiya ta yi tsammanin wasa ne. Da ta ga da gaske ne, ta tuna mata cewa ko wata biyu ba a yi ba da Kada ya cinye gwaggon Zomo a mashaya, har da zaman makoki aka yi.

"Ban ji ba," in ji Ɓauna. "Da an yi haka da Carki ya gaya mini. Ba abin da ke wuce shi."

"To me ya sa kike son Kada? Ba ni dalili ɗaya."

"Ra'ayina ne."

"Ra'ayinki ne, ko ra'ayin wancan da ke leƙo mini ta kunnenki?"

Ɓauna ta hura hanci ta ce ita tunda uwarta ta haife ta ba a taɓa sa mata magana a baki ba, kuma ba za ta tsaya musu da abin da bai kai girman kashinta ba. Bushiya ta ce to madalla, ta dunƙule ta gangara gida. Kwana huɗu ba su gaisa ba.

Ranar zaɓe ta zo. Yadda suke yi shi ne kowa ya bi layi bayan wanda yake so. Ɓauna ta taho tana taƙama, a zatonta ita kaɗai ce mai zurfin tunanin da za ta tsaya bayan Kada. Sai ta tarar da layi har ya kai gindin kuka. Ga Raƙumin dawa, ga Gadu, ga Barewa, kowa da tsuntsu a kunne. Suka kalli juna suka kau da kai. Ba wanda ya tambayi wani dalilinsa, don kowa na tsoron a tambaye shi nasa.

Bayan Dorina kuwa daga Bushiya sai Kunkuru sai Damo. Ita 'yar takarar ma barci take.

Kada ya hau. Dokarsa ta farko ita ce a daina zuwa ruwa a garke, wai ana damun sarki da hayaniya. Kowa ya zo shi kaɗai.

Washegari da hantsi Ɓauna ta zo. Ta duba gabas ta duba yamma, ba kowa. Ta juya baya ta tsoma wutsiya. Ji kake caraf.

Ta yi wani irin kuka da ba a taɓa jin ɓauna ta yi ba, ta fizge ta faɗa kan tudu. Da ta waiwaya, wutsiya saura ɗan guntu kamar ɗan yatsa. Ga Kada yana tauna, ga kwaɗi biyu zaune a kansa hankali kwance.

"Ashe da gaske ne wutsiya kike fara sakawa," in ji Kada. "Tun asuba nake jira a nan."

Ɓauna tana haki ta tambaye shi, ba shi ne aka ce yana karya kumallo da kwaɗi ba?

"Ni? Allah ya kiyaye. Kumburin ciki suke sa ni."

Kafin ta rufe baki sai ta ji an sauka a kan guntun wutsiyar. Carki ne, yana cewa sannu, sannu ranki ya daɗe, wannan abu bai yi daɗi ba, yana faɗa yana lasa.

Haka ta ja jiki zuwa ramin Bushiya, ta tsaya a ƙofa ta kasa sallama. Bushiya ta leƙo, ta dubi wutsiyar, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga idon Ɓauna ya cika da hawaye. Ta koma ciki ta tauno ganyen magani ta shafa mata. Sai da ta gama ta ce ai Raƙumin dawa ma an yage masa leɓe, Gadu kuma an gutsure masa kunne, yanzu kowa ya gwammace ƙishi.

"Magani ɗaya ne, Yaya. Ki tsaya gaban jama'a ki faɗi abin da ya kai ki layin nan."

Ɓauna ta ce gara ta mutu. Bushiya ta ce to ai saura kaɗan.

Kwana uku ba ta sha ruwa ba. Harshenta ya bushe kamar tsohon takalmi. A rana ta huɗu dabbobi suna kwance a inuwa kowa ya yi jugum, sai ta miƙe ta yi gyaran murya.

"Jama'a, ni tsoron kwaɗo nake ji."

Sai Gadu ya fashe da dariya har ya faɗi yana shure-shure. Dariya ta kama kowa, Raƙumin dawa na yi yana riƙe leɓe. Ɓauna ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma ta daure ta faɗi duk abin da aka raɗa mata, daga ranar farko har ta huɗu.

Dariyar ta fara raguwa. Raƙumin dawa ya ce shi kuma an gaya masa Kada zai ɗaga ruwan sama ya kai masa wuya, ya huta da sunkuyo. Gadu ya share hawaye ya ce shi alkawarin da aka kawo masa shi ne za a dama ruwan ya yi baƙi, kada kowa ya ƙara ganin fuskarsa.

"Ƙarya kake," in ji Barewa. "Ni aka ce wa za a tace shi ya zama kamar madubi."

"Wa ya ce miki?"

"Wa ya ce maka?"

Duk suka ɗaga kai a tare. Carkunan da ke kansu suka tashi fir, suka nufi kuka. Saura guda, babbansu, wanda ke kan Ɓauna. Kwana huɗu yana shan jinin wutsiya, ya yi nauyi kamar kaza. Ya kaɗa fiffike, ya kaɗa, ko taki ɗaya bai ɗaga ba. Ya fara cewa ai ita ta ce ta yarda, sharuɗɗan ma ya karanta mata.

Ɓauna ta juya da shi a bayanta. Ta taka zuwa wani kwarin taɓo ta kwanta, ta yi birgima dama, ta yi hagu, ta sake yin dama. Da ta tashi sai ga wani curin laka da jan baki yana tafiya a ƙasa yana tari. A ƙafa ya koma gida, yaran Zomo na bin sa suna waƙa.

Daga nan aka je aka ta da Dorina, abin da ya ci rabin yini. Da ta fahimci zancen ta yi hamma, ta shiga tafki, ta nemi inda Kada yake, ta zauna a kansa ta ci gaba da barcinta. Da la'asar aka ga Kada ya fito a baje kamar tabarma, ya bi busasshen rafi ya gangara, ko sallama babu. Aka sake layi, aka sha ruwa a garke. Kwaɗo ya yi kuka kusa da Ɓauna ta zabura, kowa ya gani, aka yi dariya, ita ma ta yi, ta mai da baki ta sha har ta ƙoshi.

Kada ku ce daga nan aka rabu da carkuna. Da damina ta dawo kaska ta dawo, ga Ɓauna ba wutsiyar kore ƙuda. Dole ta sake kiran su. Amma a wannan karo ta sa an karanto mata sharuɗɗan a hankali har sau biyu, Bushiya na zaune tana cewa a maimaita wancan. Aka yanka musu iyaka, daga kafaɗa zuwa baya. Wanda ya matso kusa da kunne, taɓo na nan.

Darasin wannan labari, jikokina, shi ne wanda ya ce zai yi muku aiki kyauta, ku tambaya me yake ci. Wayoyin nan da kuke shafawa tun safe har abinci ya huce, manyan kamfanonin da ke bayansu sun san abin da ke ba ku tsoro da abin da ke ba ku kunya, kuma ku kuka danna kuka ce kun yarda ba ku karanta ba. In lokacin zaɓe ya zo, ana iya raɗa wa kowa tasa daban, ya fita yana bugun ƙirji wai ra'ayinsa ne. Ban ce ku jefar da su ba, ni ma da waya nake jin muryarku. Amma in kun ji zuciyarku ta kama son wani ko ƙin wani farat ɗaya, ku ajiye wayar, ku fita waje ku tambayi maƙwabci shi me aka gaya masa. Dariyar da za a yi muku ta yini ɗaya ce. Wutsiya kuwa ba ta sake tsirowa.