Noti na Uku

A wani gari akwai wani mutum, dattijon ikkilisiya, mai wata tsohuwar mota. Ana tsakiyar damina sai tankin ruwan wanke gilashin motar ya tsage. In ya zuba ruwa da safe, kafin rana ta ɗaga ya tsiyaye. Ran nan suna tafiya da matarsa Rifkatu, wata tirela ta watsa musu taɓo, ya danna ruwa, babu ko ɗigo. Waifa ta shafe gilashin da laka, saura kaɗan su faɗa rami. Rifkatu ta ce ita da motar nan sai an gyara.

Ga shi kuwa ranar Lahadi za a miƙa jikansu na fari ga Ubangiji a ƙauyen surukansu, hanyar kuma laka ce zalla. In bai gyara ba, ba za su ga wannan rana ba.

Ranar Asabar ya sayo sabon tanki, ya buɗe bonet a ƙofar gida. Kuma da farin kaftani, jama'a! Wai aikin minti goma ne. Ya ga noti biyu a saman tsohon tankin, sun ci tsatsa sun yi jawur. Ya ɗiga kananzir, ya sa sufana, ya yi ta fama har gumi ya keto masa. Na fari ya kwance. Na biyu ya ƙi, sai da ya haɗa da filaya, ya gurje ɗan yatsa, sannan ya fita.

Ya ce, "Madalla." Ya kama tankin ya ja. Tanki ya ce bai san zancen ba.

Ya ja dama, ya ja hagu. Ya dubi noti biyun a tafin hannunsa, ya dubi ramukansu, ya sake ƙirgawa. Biyu ne, duka kuma sun fita. To, me ya riƙe shi? Ya zare tiyo, ya cire waya, ya sake ja. Shiru. Kansa ya ɗaure tamau. Har ya fara tunanin ko masu ƙera motar da gam suka manne shi, ko kuwa tankin aka fara ajiyewa sannan aka gina motar a kansa.

Rifkatu tana bakin zaure a kan 'yar kujera tana tsince wake. Ta ce, "Baban Ladi, daga nan ƙasa ina hangen gindinsa. In ka ja, sama ne ke motsi, ƙasa ba ya motsi. Ka durƙusa ka leƙa ta bayan taya."

Ya ce, "Ke dai ji da wakenki."

Gaskiyar magana, ya ji ta sarai. Amma ƙasa a jiƙe take, kaftani fari ne, masu wucewa kuma sai gaishe shi suke, "Sannu da aiki, Dattijo." Yaya za a ga dattijo guda da kunci a cikin taɓo? Sai ya ɗauko ƙarfen cire taya ya zura, ya danna da dukan ƙarfinsa. Ji kake ƙaras! Kunnen tankin ya karye, gindin yana nan daram. Ya tsaya riƙe da guntun roba, rana ta yi tsaka, bai san abin da ke masa daɗi ba.

Da ya rasa yadda zai yi, ya waiga gabas ya waiga yamma, ya sa gwiwa a ƙasa. Bai ga kome ba. Ya ƙara sunkuyawa har kumatunsa ya taɓa laka. Sai ga shi can a lungu, bayan taya: wani ɗan noti, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, laka ta rufe shi. Ya kankare, ya ɗiga kananzir, ya murɗa sau uku. Tankin ya sulluɓo hannunsa kamar ba shi ne ya wahalshe shi tun safe ba. Kunya ta kama shi. Kafin la'asar ya ɗaura sabon.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Tsagaggen tankin tsohuwar zuciyarmu ce, wadda ba ta riƙe alherin da Allah yake zubawa. Noti biyun nan na sama su ne zunuban da kowa yake gani. Wani ya bar giya, ya bar zagi, ya ba da shaida a gaban jama'a, aka tafa masa. Sai kuma ya rikice, yana cewa, "Na bar wannan, na bar wancan, me ya sa ban sami salama ba?" Yana ta ja da ƙarfin kansa, yana karya abin da bai kamata ya karye ba.

Akwai na uku. Wataƙila ƙanenka ne da ka shekara biyar ba ka gaishe shi ba. Wataƙila hassada ce da ko matarka ba ta san da ita ba. Ƙarami ne, amma shi ya riƙe ka, kuma a tsaye ba za ka taɓa ganinsa ba. Kada ka dubi na kusa da kai, da kai nake. Tufarka za ta ɓaci, mutane za su gani. Durƙusa.