Tsiwar da Ke Cikin Rediyon Garinmu

Ƙawata Dije, matso kusa, kwana uku ke nan ina juya maganar nan a raina, na gaji.

Kin san ƙaramin gidan rediyon nan na Alhaji Barau, wanda ke sanar da manoman fadama ranar da za a saki ruwan dam. Tun da aka sa masa sola ya fara wata tsiwa, ƙara ce da ke shiga cikin shiri, tana zuwa tana tafiya, har tana shiga zangon wata tashar. Hukuma ta ce mako guda, ko a gyara ko a rufe. Alhaji ya kira ’ya’yana uku ya ce wanda ya gano ciwon shi zai ba aikin injiniya. Gurbi ɗaya ne.

Sagiru, babban, yana da osiloskop, na'urar da ke zana wutar lantarki a gilashi. Ya jona ta, ya ga layin da ya kamata ya kwanta sumul yana ɓari kamar ruwan da aka taɓa. Da haka aka san wutar ce ba ta da tsabta, aka fasa kwance injin watsa shirin. Duk sanda ɓarin ya zo yakan dubi agogo ya rubuta.

Mudan, na tsakiya, ya aro analaiza wurin malaminsa, ita kuma sautin da ke fita take rarrabewa zango-zango. Ya ga wani tsini ya miƙe a gilashinta inda bai kamata ba, ya ce wannan sawun inbata ne, na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin ta gida. Amma inbata huɗu ne a harabar gidan rediyon. Shi ba ya ɗaura agogo, sai ya rubuta “gab da azahar”, “ana kiran la'asar”.

Kwana biyar kowa na ɓoye littafinsa. A kan tuwo Sagiru ya ce, “Malam mai tsini, yau me ka tsinto?”

Mudan ya ce, “Yaya, kai dai ci gaba da kallon ɓari, wataƙila ya gaji ya daina.”

Autata Kubura ba ta taɓa na'ura ko ɗaya ba. Da tana shara ta ɗauki littattafan biyu, ta kawo jadawalin sallah da ke bangon ɗakina, ta mayar da lokutan Mudan zuwa agogo. Ɓarin da tsinin tare suke zuwa, kullum kusan minti goma kafin sallah. Ta ce, “Inna, lokacin ne ladan ke kunna famfon burtsatsen masallacin harabar a cika tankin alwala.” Inbatar famfon ce, an haɗa ta layi ɗaya da rediyon. Aka raba su, tsiwa ta ɗauke.

Alhaji ya rasa yadda zai yi, tunda kowa da hannunsa a ciki, ya ce uwarsu ta zaɓa, Juma'a yake son amsa. Sagiru na da iyali. Mudan shekara huɗu yana yawo da takardu. Kubura ba ta da satifiket, kuma ba da izini ta buɗe littattafan ba. Na yi addu'a, zuciyata ba ta karkata ba.

Don Allah kada ki gaya wa kowa, ko maigidanki, yaran ba su san a hannuna abin yake ba. Amma ke da ba ki haife su ba, faɗa mini tsakani da Allah, sunan wa zan kira wa Alhaji ranar Juma'a?