Rawanin Arzika a Bakin Rijiya

An ce wai a zamanin da, a wani gari da ake kira Birnin Ƙirya, an yi wani sarki mai suna Badamasi, mutum mai jinkirin magana, wanda ba ya yanke hukunci sai ya bar kowa ya juye abin da ke cikinsa. A garin nan kuma akwai wani mahaƙin rijiya, sunansa Arzika. Shekara ashirin da biyar yana shiga ƙasa yana fitowa. Yakan ɗebi laka ya murza, ya sansana, ya ce, "Saura gaba biyu." A haƙa gaba biyu kuwa, ruwa ya ɓullo. Rabin garin daga aikin hannunsa suke sha.

Da tsohon Sarkin Rijiya ya rasu, ba a yi doguwar shawara ba, aka naɗa Arzika. Aka ba shi rawani da babbar riga, aka nuna masa wurin zamansa a fada. Ya yi murna ƙwarai, don me za a ɓoye? Ranar har ƙwalla sai da ya share.

To, garin yana da wata doka tun daga kakan sarki: duk mai sarautar da ya kwance rawaninsa da hannunsa a gaban jama'a, ya tuɓe kansa ke nan. An kafa ta ne saboda wani hakimi da ya ga yaƙi ya yi zafi, ya jefar da rawani, ya saje da talakawa ya tsere. Ita kuwa rijiya ba a shigarta da rawani, domin in jelarsa ta sarƙe da igiya, shaƙe mutum za ta yi. Saboda haka tun ranar naɗi, Arzika bai ƙara sa ƙafa a rijiya ba.

Shekara uku yana zuwa fada, ya zauna, ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe," ya tashi. Kantar hannunsa ta baje, tumbi ya fito. Wata rana matarsa Kande ta ajiye masa abinci, ta tsaya tana kallonsa, ta ce, "Maigida, ko dai ba ka da lafiya ne? Da kana dawowa da laka har kunne, ka tashi da malmala uku, ka cika mana gida da dariya. Yanzu ga riga ga ƙiba, amma kullum kamar an yi maka rasuwa."

Ya ce, "Kande, ni ma abin ya ɗaure mini kai. Kowa na durƙusa mini. Amma in rana ta faɗi na tambayi kaina me na yi yau, sai in ga zama na yi."

Ana nan sai aka yi wata bazara mai tsanani. Rijiyoyin unguwanni suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, saura babbar rijiyar kasuwa. Ita ma sai gefenta ya zube daga ciki, ya toshe idon ruwa. Mahaƙa suka kwana huɗu suna yasa, Arzika na tsaye a baki da rawaninsa yana leƙawa, yana cewa a karkata gabas, a karkata kudu. Mata suka jera tuluna babu ko ɗigo, masu ƙarfi suka fara tafiyar rabin yini zuwa kogi.

Rana ta biyar da hantsi, babban cikin mahaƙan ya fito yana haki, ya ce wa Arzika, "Sarki, mun rasa idon nan. In muka ci gaba da sara a makance, sauran gefen zai rufto mana."

Arzika ya dubi layin tuluna har inda ya ƙare. Sai ya ɗaga hannu ya kama bakin rawaninsa.

Mahaƙa suka ce, "Sarki, doka!"

Ya ce, "Na fi ku saninta. Ku riƙe mini igiya."

Ya warware rawanin a gaban kasuwa duka, ya naɗe shi da kyau, ya rataye a jikin itacen da ake ɗaura guga. Ya tuɓe riga, ya karɓi dagi, ya sauka. Azahar ta wuce ba a ji komai ba sai ƙarar sara. Gab da la'asar sai aka ji murya daga ƙasa, "Ku sako guga!" Aka saki, aka jawo, ga shi cike, ruwa na zuba ta gefe. Mata suka ɗau guɗa har aka ji a fada.

A fadar akwai Makama Ilu, wanda shi ke ɗaura wa masu sarauta rawani ranar naɗi, shi ke kuma kiyaye al'adun gari. Ba mugu ba ne, sai dai ya fi son ƙa'ida da abinci. Washegari da fada ta cika, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, jiya na sha ruwan rijiyar nan, na kuma gode wa wanda ya fito da shi. Amma Sarkin Rijiya ya kwance rawaninsa da hannunsa, kasuwa duk shaida ce. Dokar kakanka ba ta ce sai mai gudu ba, cewa ta yi duk wanda ya kwance. In ta lanƙwasa yau don mutumin kirki, gobe matsoraci zai zo ya ce a lanƙwasa masa."

Sarki ya dubi Arzika, ya ce, "Me ka ce?"

Arzika ya ce, "Ranka ya daɗe, Makama bai ƙara mini ko kalma ba. Na kwance, ina kuma sane. Shekara uku ana ce mini Sarkin Rijiya, ban ga ruwan rijiya ba sai a moɗa. Jiya da ƙafata ta nutse a laka, na tuna ko ni wane ne. In zaɓi za a ba ni, a bar ni da dagina. Amma ba zan yi ƙarya a gabanka ba, rawanin ma ina son abina, domin da gumina na same shi."

Kowa ya ga inda aka matse sarki. In ya yafe, dokar kakansa ta zama abin wasa. In ya hukunta, ya koya wa gari cewa mai sarautar da ya tashi ya yi aiki shi ke asara, mai zama shi ke tsira.

Can sai sarki ya ce, "Makama ya yi gaskiya. Doka tana nan yadda aka bar mana ita. Arzika, tun jiya da hantsi ba ka da sarauta. Ajiye rawani."

Arzika ya ajiye. Mahaƙan da ke bakin ƙofa suka sunkuyar da kai.

Sarki ya ce, "To, Makama, ga gari ba Sarkin Rijiya, ga bazara. Wa al'ada ta ce a naɗa?"

Makama ya ce, "Wanda ya fi kowa sanin ruwa cikin mahaƙa, ranka ya daɗe."

"Wane ne shi a yau?"

Makama mutum ne da ba ya ƙarya. Ya ce, "Arzika ne."

"Akwai inda doka ta hana a naɗa wanda ya taɓa tuɓe kansa?"

"Babu, Allah ya ba ka nasara."

"To tashi ka naɗa shi."

Makama ya tashi ya ɗaura rawanin, fada ta kaure da hamdala. Da ya gama sai ya juyo, ya ce, "Zaki, in kuma ya sake shiga rijiya fa?"

Sarki ya ce, "Ya sake tuɓe kansa, kai kuma ka sake naɗa shi. Na ba ka wannan izini tun yau. Duk ranar da zai sauka, ka je ka tsaya a bakin rijiya ka riƙe masa rawani, yana fitowa ka mayar masa. Na san ba za ka so gari ya wuni ba Sarkin Rijiya ba."

Haka kuwa aka yi. Mutanen garin suka saba ganin Makama tsaye cikin rana, rungume da rawani, yana leƙa rami yana cewa, "Arzika, ka kusa kuwa?" Daga ƙasa a amsa masa, "Haƙuri, Makama, talaka na aiki!" Ba a jima ba Sarkin Maƙera ya zo yana neman a yi masa irin wannan, ya ce shi ma ya yi kewar zafin wuta. Aka yi masa.

Da Arzika ya tsufa, wani baƙo ya tambaye shi shekara nawa ya yi yana sarauta. Tsoho ya gyara zama, ya ce, "Shekaru ban riƙe ba. Abin da na riƙe, sau talatin da bakwai na sauka daga sarauta, kowace sauka kuma sai da na hau da ruwa."

Masu hankali suka ce: sarautar da mutum ba zai iya ajiyewa don aikinta ba, ba shi ke riƙe da ita ba, ita ke riƙe da shi.