Mai Motocin Wasa da Jar Sitika

Akwai wani mutum a wani gari, yana da ɗan shago a bakin hanyar kasuwa. Sana'arsa sayar da motocin wasa ce, irin waɗanda ake tuƙawa daga nesa da rimot. A kwali ake kawo masa su daga birni, kowace da batirinta a ciki. Amma ba ya sayar da su yadda suka zo, gama Allah ya ba shi hannu. Yakan zauna ya sake musu fenti, wata ya mai da ita kamar motar haya, wata kamar babbar motar da ke ɗaukar doya, har da ɗan rubutu a goshinta irin na direbobi. In ya saki guda a filin gaban shago da yamma, manya ma sukan tsaya kallo, su manta abin da ya fito da su daga gida.

Kowace mota kuwa tana zuwa da wata 'yar jar sitika manne a bayanta. A jikin sitikar akwai hoton harshen wuta da aka soke da layi, da ɗan rubutun gargaɗi a ƙasa. Dalili shi ne, batirin motocin nan ba ya shiri da zafi. In ya ji wuta sai ya kumbura, ya fashe, ya kama ci. Mutumin ya san wannan sarai, tun ranar da ya fara sana'ar aka faɗa masa. Duk da haka, abin da yake fara yi in ya buɗe kwali shi ne ya sa farce ya ɓare sitikar, ya jefa ta cikin wani tsohon gwangwani.

Wata rana matarsa, mai suna Afiniki, ta kawo masa abinci shago, ta tarar yana wannan aiki. Ta ce, "Baban Keziya, me ya sa kake ɓare su?"

Ya ce, "Dubi yadda take ɓata mini fenti. Ban da haka, in uwa ta ga hoton wuta a jikin abin wasa, ajiye shi za ta yi, ta ja hannun ɗanta su wuce."

Ta ce, "To, manna ta a ƙarƙashi mana. Ko kuwa ka riƙa faɗa musu da baki."

Ya ce, "Wa zai ɗauki mota ya kai wuta? Kuma mutum nawa ne a garin nan ke karanta abin da aka rubuta da Turanci?"

Afiniki ta ajiye masa kwanon, ta koma gida.

A garin nan akwai wata gwauruwa, tsohuwa, ana ce da ita Mama Tabita. Ita ke riƙon jikarta Salomi, wadda iyayenta suka rasu. Kullum in yarinyar ta taso daga makaranta sai ta tsaya gaban shagon tana kallon wata mota shuɗiya, ba ta taɓa cewa a saya mata ba. Kakar ta lura. Da Salomi ta gama firamare, tsohuwa ta ɗaura zanenta na zuwa sujadar Lahadi, ta je shagon ta sayi shuɗiyar motar.

Tana juya ta a hannu ta ce, "Ɗana, ni ban san kan irin waɗannan abubuwa ba. Akwai abin da ya kamata in kiyaye?"

Maganar batir ta zo masa har bakinsa. Amma akwai wasu mata biyu tsaye suna duba motoci, sai ya haɗiye ta. Ya yi murmushi ya ce, "Babu komai, Mama. Ta yi wasanta kawai."

Lokacin damina ne. Ba a daɗe ba Salomi ta tuƙa motar ta faɗa cikin ruwan da ya kwanta a tsakar gida, mota ta tsaya cik. Yarinya ta fashe da kuka. Kakar ta lallashe ta, ta ce ai jiƙewa ce kawai, in ta bushe za ta tashi. Sai ta yi mata abin da take yi wa jiƙaƙƙen takalmi: ta jingina ta da dutsen murhu, ta ci gaba da tuƙa tuwo. Salomi ta tsuguna a gefe tana jira.

Can sai motar ta fara huci, ta yi wani irin wari, wuta ta yi tsiri daga cikinta, daidai fuskar yarinyar. Ɗakin girkin kuwa na ciyawa ne. Tsohuwa ba ta tsaya neman tsumma ba, ta sa hannun dama ta damƙi motar ta yi waje da ita. Roba ta narke ta manne mata a tafin hannu. Yarinya ta tsira, ɗaki ya tsira, hannu ya ƙone.

Labari ya iske mutumin a shago. Ya ce a ransa, "Ai ba ni na kai ta murhu ba." Bai je dubiya ba. Da ya koma gida, Afiniki ta dube shi sau ɗaya, ta sunkuyar da kai ta zuba masa tuwo. Da ma ta yi masa faɗa, da ya fi masa sauƙi.

Bayan an sallamo tsohuwa daga asibiti, sai ga ta a ƙofar shagon, hannun dama naɗe da bandeji, hannun hagu riƙe da leda. Ta zazzage abin da ke cikin ledar a kan teburinsa: ƙonanniyar motar ce, ta dunƙule ta yi baƙi.

Ta ce, "Ɗana, haƙuri na zo ba ka. Ka zauna ka yi aiki mai kyau, ni kuma da jahilcina na ɓata maka shi. Mutane suna ta magana, har wasu na cewa motocinka suna da haɗari. Na ce musu a'a, laifin tsohuwa ne da ba ta san komai ba. Kada ka riƙe ni a zuciya."

Akwai mutane a wurin, suna ji. Mutumin ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ba komai, Mama. Allah ya ƙara sauƙi." Ta yi godiya, ta tafi.

Tun daga wannan rana abinci ya daina yi masa daɗi. In ya hango tsohuwa daga nesa sai ya shige bayan shago kamar mai neman wani abu. Ran Lahadi ya je sujada, ya ga matan zumunta sun tashi yin waƙa, amma wata dabam ce ke buga musu tulun kiɗa. Sai ya tuna ashe shekara da shekaru Mama Tabita ce ke buga shi, da wannan hannun. Tana zaune a cikin jama'a, hannun a cinya, tana kaɗa kai kawai. Bai iya jiran albarkar rufewa ba, ya sulale ya fita.

Duk da haka zuciyarsa ba ta daina nema masa mafita ba. Takan ce masa, "Ko da sitikar tana nan, ai tsohuwa ba ta karatu. Abin da ya faru da ya faru." Ya riƙe wannan magana kamar mai riƙe da reshe a bakin rami. A ƙarshe ya ce bari ya je ya tabbatar. Ya ɗauki sitika guda daga gwangwanin, ya sa a aljihu, ya nufi gidanta. Ba tuba ya kai shi ba. Ya je ne yana fata ta kasa gane hoton, don ya sami barci.

Ya same ta zaune a inuwa, Salomi tana tsefe mata kai, tun da ita ba ta iyawa yanzu. Bayan gaisuwa ya miƙa mata sitikar ya ce, "Mama, in kika ga wannan a jikin wani abu, me za ki ce yake nufi?"

Ta karɓa da hagu, ta nisanta ta da ido kaɗan. Ta ce, "Wuta ce aka soke. Cewa ake kada a kai kusa da wuta. Ko ba haka ba?"

Ya rasa inda zai sa fuskarsa. Da ƙasa za ta tsage, da ya shige. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Mama, irin wannan ce a jikin motar Salomi. Ni na ɓare ta da hannuna, don kada ta ɓata mini fenti, kada kuma ta kore mini masu saye. Kin tambaye ni ko akwai abin da za ki kiyaye, na ce babu. Na san akwai."

Tsohuwa ta ce wa jikarta ta je ta ɗebo ruwa. Da yarinyar ta ba da baya, ta ce, "Ranar da na zo ba ka haƙuri a gaban mutane, ka san wannan?"

Ya ce, "Na sani."

Ta daɗe tana duban bandejin hannunta. Sa'an nan ta ce, "Wannan ya fi mini ƙunar ciwo. Yarinyar nan kullum kuka take, tana cewa ita ta jawo mini, don ita ta jiƙa motar. Ni ina cewa ni ce. Mu biyu muna ta rabon laifi a gidan nan, ashe mai shi yana shago."



Ta ƙara da cewa, "Na gafarta maka, gama ni ma an gafarta mini da yawa. Amma in ta dawo, kai za ka faɗa mata da bakinka, ta sauke kayan da ba nata ba. Sa'an nan, motoci nawa ka sayar a garin nan?"

Ya ce, "Da yawa."

Ta ce, "To, duk gidajen nan akwai murhu."

Ya faɗa wa Salomi, tana tsaye da kofin ruwa a hannu tana dubansa. Kashegari bai buɗe shago ba. Ya ɗauki gwangwanin ya shiga gari, gida gida, yana sallama, yana roƙo a fito masa da motar da ya sayar. A kowace ƙofa sai an tambaye shi, "Me ya sa sai yanzu?" A kowace ƙofa kuma sai ya ba da labarin daga fari. Wasu suka ce Allah ya kiyaye gaba. Wata mata ta mayar masa da motar ta rufe ƙofa. Wani ya ce masa a gaban 'ya'yansa, "Ashe haka kake?" Ya amsa, "Haka nake." Ya manna sitikar, ya wuce gida na gaba.

Hannun Mama Tabita ya warke, amma yatsun sun ƙage, ba su ƙara miƙewa ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: motar nan, 'yan'uwa, ita ce kowane abu mai kyau da muke miƙa wa wani, ko kaya, ko shawara, ko hanya, ko koyarwa. Sitikar kuwa ita ce gaskiyar da muka sani game da haɗarin abin, wadda shi mai karɓa bai sani ba. Mutumin nan bai sa wa kowa wuta ba. Bai ƙi tsohuwa ba. Ya dai fi son a yaba aikinsa da a tsira daga gare shi, sai ya yi shiru. Hausawa suna cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. To, ta yaya kunne zai ji in wanda ya sani ya kama bakinsa?

Mu ma muna ɓare sitika. Kana ba abokinka aron babur, ka san birkin ba ya kamawa, ka ce ai zai lura. Kina ganin ƙawarki tana bin hanyar da kika san inda take ƙarewa, kin yi shiru don kada zumunci ya ɓaci. Mun sa wa yara waya a hannu, ba mu zauna mun faɗa musu abin da ke cikinta ba. Har mu masu koyarwa a ikilisiya, sau da yawa mukan yi ta fentin albarka, mu ɓare maganar zunubi, don kada benci ya zama babu kowa. Ubangiji bai yi mana haka ba. Duk kyautar da ya ba mu, ya faɗa mana inda za ta ƙone mu, don yana ƙaunarmu.

Ku lura kuma, laifin mutumin biyu ne, na biyun ya fi na fari nauyi: ya bar marar laifi ta ba shi haƙuri. Kunya ce ta sa shi yin haka, kunya ce kuma daga baya ta kai shi ƙofa ƙofa. Akwai kunyar da ke sa mutum ya ɓuya bayan shago, akwai wadda ke sa shi ya durƙusa. Ta biyun ce Allah yake karɓa.

An gafarta masa, gaskiya ne. Amma gafara ba ta miƙe yatsun tsohuwa ba. Saboda haka, in akwai wanda ka san yana jingina abinsa da murhu, kada ka jira wata Lahadi. Je ka faɗa masa yau, tun hannunsa yana lafiya.