Gyangyaɗin 'Yan Kwalejin Kurmin Habila

Can a zamanin da, tun kudancin ƙasar nan yana dajin giwa da ɓauna, an yi wani mai wa'azin cocin Metodis, Malam Habila. Asalinsa maharbi ne, ya rataye kwari ya ɗauki Littafi. Habila sha-yawo, na Rifkatu, mai kau da damisa daga hanya da waƙar coci! Haka dai tsofaffi suka ce, ni ban gani ba.

Da ya gaji da bin ƙauyuka a kan doki, sai ya ƙudura kafa kwalejin da za ta yaye malamai da masu wa'azi. Ya zaɓi wani kurmi a bakin rafi, ga ruwa ga inuwa. Ya hana a sare ko reshe, wai a inuwa karatu ya fi shiga kai. Mutane suka biyo shi da iyalansu, kasuwa ta fara ci, gari ya kafu. Cikin ɗalibai har da ɗansa tilo, Irmiya, wanda yake sa ran zai gaje shi.

Ashe kurmin matattarar ƙudan tsando ne. Dokinsa ya rame ya mutu, aka ce tsufa ne. Sannan ɗalibai suka shiga gyangyaɗi da rana tsaka. Shi kuwa Malam ba abin da ya tsana kamar lalaci. Ya yanko tsumagiya, kuma don kada a ce yana son kai, Irmiya ya fi kowa shan ta.

Matarsa Rifkatu ta ce, "Malam, yaron nan fa da loma a baki yake barci. Wannan ba ƙiwa ba ce."

Ya ce, "Shagwaɓa ce. Ke kika ɓata shi."

Kaico! Sai da kaluluwa ta fito wa yara a wuya aka gane ciwon barci ne, ga shi ba magani ko kusa. Irmiya ya kwanta bai tashi ba. Wajen yi masa sutura uban ya ga shatin bulalarsa a bayan yaron, wasu ma ba su warke ba. Bai yi kuka ba. Gatari ya ɗauka ya faɗa kurmin shi kaɗai, yana sara kullum, har ranar da aka tarar shi ma barcin ya kayar da shi a gindin bishiya.

Kwalejin ba ta yaye ko mutum ɗaya ba. Waɗanda suka tsira suka koma kan tudu, ƙauyensu ne ake kira Kurmin Habila, ko da yake ba kurmi a wurin. Har yau a makarantarsu ba a dukan mai gyangyaɗi. Malami yakan zo a hankali ya shafa wuyan yaron tukuna.