Duba-gari da Bututun Hajiya Ladidi

An yi wani duba-gari, Malam Mati, wanda bai taɓa shiga gidan abinci ya fito bai sami laifi ba. Ran nan ya dira wurin Hajiya Ladidi, ya leƙa tukwane, ya shinshina kwata, babu abin kamawa. Sai ya ɗaga kai ya hango bututun da ke zuƙe hayaƙin kicin ya kai shi waje.

"Hajiya, wannan fa?"

"Jiya-jiyan nan aka wanke shi, ranka ya daɗe."

"Ba na karɓar shaidar baki. Ko ki nuna mini cikinsa tas daga farko har ƙarshe, ba a kwance ko ƙusa ɗaya ba, ko in garƙame gidan nan yau."

Hajiya ta dubi bututun, ta dubi tumbin Malam Mati da farar shaddarsa, ta sa aka kawo tsani.

"Bismilla, ranka ya daɗe. Ka shiga ta nan ka ɓulla ta waje. In rigarka ta fito fara, bututu tas yake."

"In ta fito baƙa fa?"

"Ai ka share mana shi ke nan. Wa zai rufe gidan da hukuma ta goge da kanta?"

Masu cin tuwo suka ajiye loma suna kallo. Malam Mati ya dafa tsanin, ya ja dogon numfashi.

"Kai, Hajiya, ai tun daga nan ma ina jin ƙamshin tsabtarsa."